Kabari Tsakanin Ruwa Biyu

A shekarun da na yi ina aikin duba-gari a ƙaramar hukumarmu, babu abin da ban duba ba. Na duba kwata, na duba mahauta, na leƙa rijiyar da akuya ta faɗa ta kwana uku ba a sani ba. Duk waɗannan in na tuna dariya nake yi. Aikin da nake tunawa in yi shiru shi ne zaman da na yi a kwamitin haɗin gwiwa da aka kafa tsakaninmu da ƙaramar hukumar da muke maƙwabtaka da ita. Sunansa a takarda dogo ne, ba mai iya faɗinsa da numfashi ɗaya. Mu dai kwamitin sa ido muke ce masa.

Wani rafi ne ya jawo kafa shi. In ka bar Jalingo ka miƙi hanyar ƙauyenmu, rafin ne iyaka tsakanin ƙananan hukumomin biyu: wannan gaɓar tamu, waccan tasu. Muna yara da tsalle ɗaya muke haye shi da rani. Daga baya aka sassare itatuwan bakinsa aka yi gawayi, gine-gine suka yi yawa ta sama, masu tifa suka shiga ɗibar yashi ba ji ba gani. Ruwa ya rasa abin da zai tare shi. Rafin da muka sani ya zama kwazazzabo mai zurfin da in mutum ya tsaya a ciki ba a ganin hularsa, kuma kowace damina sai ya ƙara cin gonakin mutane hagu da dama. Matasan ɓangarorin biyu suka fara nuna wa juna yatsa, har an taɓa fasa kan wani a kasuwa. Shi ne manya suka ce a zauna tare.

An raba kujeru daidai wa daida. Daga wajenmu akwai kansila, da injiniya, da ni. Daga wajen 'yan tsallake, don haka muke kiransu su ma haka suke kiranmu, akwai kansilansu, da mai kula da filaye, da wani alhaji mai sayar da yadi a kasuwa, wanda kakansa ya zo daga Katsina da fatauci ya zauna. Shi aka sa a matsayin wakilin jama'a. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da goro a aljihu, kuma duk cikinmu shi kaɗai ne Hausa harshen gidansu. Sauranmu kowa da yarensa, a Hausar muke haɗuwa.

Ban taɓa ganin wurin da ake auna adalci da cokali kamar kwamitin nan ba. In an zauna a wajenmu wannan karon, karo na gaba sai a wajensu. In kansilanmu ya yi ciyaman yau, gobe nasu ne. In Musulmi ya buɗe da addu'a, Kirista ne zai rufe, zama na gaba a juya. Har lemon da ake sha, in mun ba su mai sanyi, dole su nemo ƙanƙara ko daga ina ne kada a ce sun gaza. Akwai ranar da muka ɓata rabin zama a kan sunan wace ƙaramar hukuma za a fara rubutawa a saman rahoto. Ni mai saurin fushi ne, na sani, matata ma ta sani. Ranar sai da na fita waje na sha iska kafin in dawo.

Abin da ya sa zaman ya fi ƙarfin aiki a wurina shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata. Gonarsa tana bakin rafin nan ta gaɓarmu, kuma a ƙarshen gonar, bayan kangon tsohon gidansu, ƙarƙashin wata kaɗanya, aka binne matarsa. A wajenmu haka ake yi tun da, mutum yana kwanciya kusa da inda ya yi noma. Matar nan ita ta riƙe ni lokacin da nake firamare, don makarantar ta fi kusa da gidansu. Ita ke dama mini kunu da safe, ita ke cire mini ƙaya a ƙafa tana faɗa tana cirewa. Inna nake ce mata. Ranar da aka binne ta, Kawu ya nuna wa 'ya'yansa wurin da ke gefenta ya ce nan ne nasa, kada kowa ya shuka ko da kuɓewa ce a wurin. Bayan ƙarfinsa ya ragu muka dawo da shi unguwar Sintali a Jalingo, gidan babban ɗansa, layi ɗaya da ni. Amma duk sati sai ya hau mashin ya je gonar. Yana cewa masara zai duba, mu kuwa mun san abin da yake dubawa: tazarar da ta rage tsakanin bakin kwazazzabo da kaɗanyar.

Da ya ji an sa ni a kwamitin, da kansa ya tako gidana yana dogara sanda, fuska cike da murna.

"Ɗana, na ji an sa ka cikin masu gyara rafi."

"Kawu, ba gyara ba ne aikinmu. Sa ido ne."

Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa wani yare. "Sa ido?"

"E. Mu je mu gani, mu rubuta, mu kai wa manya."

"To ai wannan mata a bakin famfo ma suna yi," in ji shi, "kuma ba wanda ya ba su kujera."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. A Hausar ofis, sa ido aiki ne mai daraja, shi ne lura da abu don kada ya lalace. A Hausar layi kuwa, wadda Kawu ya koya a kasuwa da tasha, mai sa ido shi ne wanda ya bar abin da ke gabansa yana leƙen na wasu, ba ya taimako, sai dai ya kwashe ya kai gaba. Na yi ta ƙoƙarin nuna masa bambancin. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya taimaka, ya tafi.

Fitarmu ta farko zuwa bakin rafin, muna sauka daga mota na hango shi. Ya riga mu zuwa. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ga rana tana dukan mutane, ya tsaya ƙyam a gindin kaɗanyar. Ban gaya masa ranar ba, har yau ban san wanda ya gaya masa ba. Bayan an gaisa, ya nuna tudun ƙasar da aka kewaye da duwatsu.

"Shi yana kwance a nan," ya ce. "Ruwa yana zuwa wurinsa. Bara yana can, bana ga shi nan."

Kawu bai taɓa raba mace da namiji a Hausarsa ba, kowa shi ne. Mu mun saba, ko a kunne ba ma ji. Alhaji kuwa bai saba da shi ba tukuna, sai ya matso cikin ladabi.

"Baba, wane ne? Mahaifinka ne?"

"Matana ne."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

"Haƙuri akwai," in ji Kawu. "Ƙasa ne babu."

Injiniya ya ja tef ya auna, mai kula da filaye ya ɗauki hoto da waya, ni na rubuta. Muka tsaya a jere a bakin ramin, hannuwa a baya, muna kallon ƙasa tana zuba da kanta kaɗan-kaɗan. Daga nan muka hau mota muka koma.

Ba zan yi wa mutanen nan ƙarya ba, babu mugu a cikinsu. Kuma kwamitin bai tashi a banza ba. Tun da aka fara zama, faɗan matasa ya lafa, don duk wanda ya taso da zafi sai a ce masa ai maganar tana gaban kwamiti. Mun sa baki masu tifa suka matsa gaba na ɗan lokaci. Mutanen da da ba sa ko gaisawa suka koma tambayar juna lafiyar iyali. Amma na daɗe ina juya abin a raina, kuma ga inda na tsaya. An ba mu ido, an ba mu baki, hannu kuwa an bar shi a ofisoshi biyu, kowanne yana jiran ɗayan ya fara miƙawa. In mun kai rahoto wajenmu, sai a ce ai ruwan daga tudun 'yan tsallake yake gangarowa, su ya kamata su fara tare shi. In sun kai wajensu, sai a ce ai gaɓar da ta fi zubewa tamu ce. Duka maganganun biyu gaskiya ne, shi ya sa ba a iya ƙaryata kowa. Injiniya ya zana yadda za a jera duwatsu cikin ragar waya a ɗaure gaɓar, zane mai kyau, kowa ya yaba. Zanen ya yi ta zuwa yana dawowa har gefunansa suka yi laushi.

Kawu bai daina zuwa ba. Duk fitar da za mu yi, yana can da kwat ɗinsa. Ya daina ma yin bayani, sai dai ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Sannunku da kallo." Ba da gatse yake faɗa ba, ko kuma in gatsen ne, ya iya ɓoye shi. Ni dai duk ranar da ya faɗa, tuwon dare ba ya shiga mini. Shi da 'ya'yansa sun gwada nasu: sun cika buhuna da yashi sun jera, sun dasa gamba, sun kafa turaku. Ruwan farko ya kwashe buhunan kamar an aiko shi.

A damina ta biyu, cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, aka yi wani ruwa da ya wuni yana zuba. Washegari da safe babban ɗan Kawu ya kira ni ya ce in zo in gani. Da na isa na tsaya a bakin ruwan ina kallo. Rafin bai ci kabarin ba. Abin da ya yi ya fi haka ban mamaki. Ya fasa sabuwar hanya ta bayan kaɗanyar, ya ratsa tsakiyar gonar Kawu, ya je ya sake haɗuwa da tsohuwar hanyarsa can ƙasa. Kaɗanyar da kabarin Inna da wurin da Kawu ya keɓe wa kansa suka koma wani ɗan tsibiri, ruwa ta gaba, ruwa ta baya. Kana tsaye kana jin ƙasa tana faɗawa cikin ruwa ta ɓangarorin biyu.

Aka kira zaman gaggawa, kuma layin 'yan tsallake ne, don haka a wajensu aka zauna. Na shiga da tunanin yau dai dole a yi wani abu. Ashe sabuwar magana ce ta samu. Mai kula da filaye ya tashi ya ce tun asali iyaka ita ce tsakiyar rafi. To yanzu rafi ya zama biyu, wanne ne rafin? In tsohuwar hanya ce, tsibirin namu ne. In sabuwa ce, ya koma nasu.

Na zaci kowa zai ce nasa ne, don haka na saba gani duk inda ake maganar ƙasa. Sai na ji kansilanmu yana cewa ai kowa ya gani da idonsa, ruwa ya fi yawa a sabuwar hanya, ita ce rafin yanzu, saboda haka wurin ya shiga hannun 'yan'uwanmu na tsallake. Kansilansu ya ce a'a, Allah ya kiyaye su ci ƙasar maƙwabta, tsohuwar hanya ita kakanni suka sani, wurin namu ne har abada. Tun da nake ban taɓa ganin manya suna rige-rigen kyautar da ƙasa ba sai ranar. Kowa yana tura wa ɗan'uwansa cikin fara'a da girmamawa, don duk wanda ya karɓa, gyaran ya hau kansa.

Kaina ya ɗau zafi. Ban nemi izinin ciyaman ba na miƙe.

"Ranku ya daɗe, mutum ne a kwance a wurin nan. Kafin ku gama gano ko na wane ne, ruwa zai raba muku gardama. Sai ku kafa wani kwamitin ya bi ƙasusuwanta har kogin Binuwai ya sa musu ido."

Kansilanmu ya gyara hula ya ce, "Malam duba-gari, zauna. Dangantaka ce take magana, ba aiki ba."

Gaskiya ya faɗa, dangantaka ce. Na koma na zauna. Aka rufe zama da cewa za a nemi safiyo, mai awon ƙasa, daga sama ya zo ya tantance, bayan damina.

Da la'asar na je na sami Kawu a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa a faranti. Na gaya masa komai, ban rage ba, har da maganar bayan damina. Na shirya jin faɗa ko kuka. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa har sai da na fara tunanin bai ji ba.

"Zan ɗaga shi," ya ce.

"Kawu, me za ka ɗaga?"

"Innarka. Zan ɗaga shi daga wurin."

A wajenmu ba a buɗe kabari. Ko hanya ce ta bi ta kai, sai dai hanyar ta kauce. Tsofaffi suna cewa wanda aka kwantar an gama da shi, mai tayar da shi yana neman abin da ya fi ƙarfinsa. Na san 'yan'uwa za su yi surutu, kuma sun yi. Wata gwaggonmu ta ce gara ruwa ya ɗauka, wannan aikin Allah ne, da a ce hannun mutum ya taɓa. Kawu ya ce mata shi ya yi wa matarsa alkawarin zai kwanta a gefenta, bai yi wa kaɗanya alkawari ba. Fasto ya zo ya zauna da shi, suka daɗe, ya fito ya ce shi bai ga laifi ba in za a yi da addu'a da mutunci.

Saura inda za a kai ta. Gonar ta tafi, kuma duk gaɓarmu ta wajen ƙasa ce mai zubewa. Wuri mai tsauri sai makabartar cocin da ke kan tudu, kuma tudun yana tsallake. Ni da Kawu muka je wajen jauron wurin, wato mai unguwarsu, wani dattijo Bafulatani mai dogon tunani. Ya saurare mu, ya jajanta, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. A ƙasar nan kabari shaida ne. Yau in an kawo gawa daga wancan ɓangaren an binne a nan, wata rana jikoki za su taso su ce ga kakarmu a kwance, nan ƙasarmu ce. Su ma 'yan gaɓarmu wani zai iya cewa an kwashe kabarin ne da dabara don a share shaidar cewa tsibirin namu ne. Ya ce shi ba zai hana baiwar Allah wurin kwanciya ba, amma sai an yi a gaban idon ɓangarorin biyu, mutanen da kowa ya yarda da su, waɗanda gobe ba wanda zai ce ba su gani ba.

Muka fito muna tunanin su wa ke nan. Ni ban kawo komai a raina ba. Kawu ne ya taɓa ni da sandarsa.

"Mutanenka," ya ce.

A zama na gaba ya sa kwat ɗinsa ya bi ni. Ba a saba barin wanda ba ɗan kwamiti ba ya yi magana, amma ba wanda ya iya hana shi. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya riƙe hularsa a hannu.

"Ban zo roƙon gyara ba," ya ce. "Wannan ya wuce. Zan ɗauke matana in kai shi tudu. Jauro ya ce sai da masu gani. Ku kun iya sa ido. Shi nake so. Ku zo ku sa."

Na duba fuskarsa ina neman alamar zolaya, ban samu ba. Da gaske yake roƙo. Injiniya, mutumin kirki amma mai tsoron takarda, ya tambaya a hankali ko wannan yana cikin aikin da aka ba mu. Alhaji ya ajiye goron da yake shirin ɓarawa.

"Injiniya, in wannan ba ya ciki, to me ke ciki?"

Ba a yi ko ƙuri'a ba. Ba a tambayi layin wa ne ba.

Ranar da aka sa, gari ya waye da hadari amma bai zubo ba. Muka tuɓe takalma, muka naɗe wanduna, muka ratsa sabuwar hanyar ruwan, yana kai mana gwiwa. Kansilolin biyu suna riƙe da hannun juna don santsi. Tsibirin ya ƙara tsukewa, saiwoyin kaɗanyar duk sun fito waje ta gefe ɗaya. Fasto ya yi addu'a. Ni a matsayina na duba-gari na raba wa masu tonon safar hannu da abin rufe hanci, na yayyafa magani, na gaya musu su bi a hankali in sun kusa. Aikina ke nan, na yi shi kamar yadda aka koya mini.

'Ya'yan Kawu da jikokinsa manya su suka yi tonon. Mu 'yan kwamiti muka tsaya a jere, hannuwa a baya, yadda muka saba tsayawa. Da aka kai ga katakon akwatin gawar da ya ruɓe, Alhaji ya juya baya ya fuskanci ruwa. Na gane dalilinsa, kunya ce da girmamawa, a tarbiyyarsa ba a kallon irin wannan, balle mace. Kawu ya lura.

"Alhaji," ya ce, "juyo. Don kallo na kira ka."

Alhaji ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da farin yadi sabo a naɗe, wanda ya yanko daga shagonsa bai gaya wa kowa ba, ya miƙa wa babban ɗan Kawu ya ce a shimfiɗa a cikin sabon akwatin da aka kawo kafin a sa ta.

Abin da ya rage na Inna bai da yawa. Ƙasusuwa ne da suka yi launin ƙasar wurin, da ɗan guntun zanen da aka rufe ta da shi, da wani awarwaron roba da ban taɓa ganin hannunta babu shi ba. Matar da take ɗaga tulu cike da ruwa da hannu ɗaya, ga ta duka ta shiga akwatin da bai fi na ajiye kaya ba. Ban yi kuka ranar da aka binne ta ba, ina saurayi lokacin, ina ganin kuka na mata ne. Ranar nan kuwa na yi, a gaban kansiloli da kowa, ban ko share ba.

A tsaye a wurin na fahimci wani abu game da aikinmu da ban fahimta ba duk zaman da muka yi. Kallon da muka yi ta yi a baya, muna yi ne mu tafi, abin da muka gani ya zama na takarda. Wannan kuwa an ɗora mana shi ne a wuya. Duk wanda ya tsaya a wurin ya san in an tashi gardama bayan shekaru, ko yana kan gadon ciwo za a zo a tambaye shi, kuma dole ya ce na gani. Ban ce wannan ya biya Kawu gonarsa ba, ko ya wanke mu daga damina biyu da muka yi muna auna rami. Bai biya ba. Amma ranar ce kaɗai na ji an ba mu aikin da ya yi daidai da abin da muke da shi.

Aka ɗauko akwatin a ka aka ratsa tsohuwar hanyar ruwan zuwa gaɓar tsallake. Muka hau tudun a ƙafa, Kawu a gaba, ba ya yarda a riƙe shi. Jauro yana jiranmu a bakin makabartar, bai shiga ba, ya tsaya daga wajen shinge inda yake hango komai. Ya dubi kansilanmu.

"Kun gani daga inda aka ɗauko?"

"Mun gani."

Ya dubi nasu. "Kun gani inda za a sa, kuma kun ji aron wuri ne na kwanciya, ba na gado ba?"

"Mun gani, mun ji."

"To madalla. Ku sa baiwar Allah ta huta."

Samarin cocin ne suka haƙa sabon ramin tun da safe, kuma Kawu ya sa sun yi shi da faɗi, ya fi ƙarfin ɗan akwatin nesa ba kusa ba. Biyu suka shiga, aka miƙa musu, suka ajiye shi a tsakiya daidai, suka gyara masa zama. Fasto ya buɗe littafi zai fara. Kawu ya ɗaga hannu ya matso bakin ramin.

"Ba nan ba. Ku matsa shi jikin bango."

Samarin suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Baba, ai tsakiya ya fi kyau."

"Tun da na aure shi, a jikin bango yake kwana. Ni ne a bakin ƙofa. Ku matsa shi."

Suka ɗaga akwatin suka jingina shi da bangon ramin. Kawu ya sunkuya, ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya daɗe yana duban filin da ya rage a gefe. Babban ɗansa ya matso ya tambaye shi a hankali ko a ƙara faɗaɗawa tun da masu haƙa suna nan.

"A'a, ku bari," in ji Kawu. "Ya ishe ni. Ai na rame."